Karen Bara a Bakin Iyaka

Wanda ke son ya ga kasuwar Illela tun daga farinta, to ya bar Sakkwato ranar Asabar, ya kwana a can, Lahadi ta waye masa a bakin kara. Haka muka yi ni da ƙanena, wanda likitan dabbobi ne, wani mai kiwo ya roƙe shi ya je ya duba masa raguna kafin a ƙirga kuɗi. Tsakiyar hunturu ce, gero ya shiga rumbu, hazo ya dushe rana har kana iya kallonta ba ka runtse ido ba. Tafiyar kimanin kilomita 85 ce. Hanya ta bi ta Kware, ta ratsa Gwadabawa, garin Muhammadu Maiturare kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915, daga nan ta miƙe arewa sak. Muna wuce Gwadabawa itatuwa suka fara nisa da juna, rairayi ya fara cin gefen kwalta, jakai da amalanke suka yawaita.

'Yan kilomitoci ne tsakanin Illela da Birnin Kwanni ta Nijar. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, naira da sefa suna canza hannu a kan tebur guda, masu kabu-kabu suna ta kai da kawowa. Mutanen garin da rufe iyaka suke lissafin shekarun nan. An rufe a watan Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 hanya ta samu. Duk wanda ka zauna da shi a teburin mai shayi yana da labarin asarar da ya tafka a waɗannan watanni.

Kafin rana ta ɗaga, kara ta cika ta batse. Ga bokolo farare masu tozo, ga jajayen rahaji masu dogayen ƙaho, ga shanun Azawak, ga uda da balami, ga jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, ga raƙuma a durƙushe suna tuƙa. Dillalai suna jan hannun mai saye su koma gefe, ana "albarka" ana "sallama", yara suna ratsawa da ruwan sanyi, Fulani mata sun jera ƙoren nono a inuwa. Ƙanena ya duƙufa yana buɗe bakin raguna yana latsa haƙarƙari, ni kuwa idona ya tafi kan wata dabba da babu dillalin da ke kiran farashinta.

Kusan kowane garken da ya shigo daga arewa da karensa a gefe. Dogayen ƙafafu, ɗamammen ciki, ƙirji mai zurfi, jiki launin rairayi. Da ganin wasunsu ka san akwai jinin karnukan Buzaye na kwarin Azawak, can arewa da Tawa, yankin da shanun nan ma suka ci sunansa. A shekarun 1970 aka fara kai irinsu Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da su cikin jerin nau'o'in da ta amince da su. A can sai mai hali ke sayen ɗan kwikwiyonsu. A nan ga su kwance ƙarƙashin amalanke, ido a kan garke, sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa suna tsaron dukiyar da ta fi ƙarfin lissafina.

Da ƙanena ya gama, ya zo yana goge hannu, ya bi inda nake kallo.

"Yaya, ka lura da abu ɗaya? Duk majiya ƙarfi ne. Nemo mini tsoho guda a cikinsu."

Na duba, ban samu ba. Mun saba cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma gaskiya ne. Amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi inda na bara ya kwana ba.

Wani ɓangare na amsar yana bayan kwata. Da la'asar muka bi ta wajen, muka tarar da su a bakin kwatami suna jiran a watsar da ƙazantar hanji. A nan tsofaffin suke. Akwai wata karya da ƙazuwa ta cinye mata gadon baya, akwai wani mai furfura a baki da ke ɗingishi, yana zuwa ƙarshe, ya samu ƙarfafan sun lashe komai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne guntuwar igiya da ke wuyan ɗaya daga cikinsu, har da 'yar laya da ta yi baƙi. Wani ne ya ɗaura masa ita da hannunsa, a lokacin da yake ganin yana da amfani.

Mai shayin da ke kusa da masaukinmu ya ce ba duka ba ne aka kora. Wasu na mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa ne a gabashin jihar. Mutum ya tsere da iyali da ɗan abin da ya iya ɗauka, ya raɓa a gidan dangi ko a kango, ina zai sa kare? Karen ya biyo sawu har gari, sannan ya zama na kowa, wato ba na kowa ba. Sauran kuma, in ji shi, masu saye ke zagayawa ƙauyuka suna ɗauka. Wannan ciniki sananne ne: ana tara karnuka daga arewa da ƙetaren iyaka a kai kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can a yi kudu da su inda ake cin namansu. Mai saye ba ya ƙin tsoho. Shi ne ma ya fi sauƙin rabuwa da mai shi.

Washegari wani abokin ƙanena ya ce sai mun ga lambunan wajen tafkin Kalmalo kafin mu juya. Muka hau babura. Bayan ƙura da busassun gonaki, sai ga kore shar: albasa, tattasai, tumatir, injin ban-ruwa yana ta tari. A gefen wani fage, ƙarƙashin rumfar zana, wani dattijo yana gyaran fartanya. Kusa da ƙafarsa, a kan tsohon buhu, wani jan kare ne kwance. Tun muna nesa ya ɗaga kai ya yi haushi sau biyu, murya a dushe, bai tashi ba. Dattijon ya ce masa wani abu a hankali, ya mayar da haɓa kan ƙafafunsa.

Muka gaisa, aka shimfiɗa mana tabarma. Na ce, "Baba, wannan tsohon naka ne?"

Ya yi murmushi. "Ba nau na ba, Malam. Riƙo anka ba ni."

Na wani mafarauci ne a ƙauyensu. Shekara da shekaru yana gaban karnukansa, zomo da gafiya da zabin daji babu wanda bai kawo gida ba. Da gudu ya ƙare masa, ƙananan suka fara cin zalinsa a bakin kasko, shi kuma ya ƙi zama gida ranar fita, ya bi su a baya ya dawo a galabaice. Dattijon nan kuwa shi kaɗai ke kwana a lambu lokacin da albasa ta kusa cira, kunnensa ya yi nauyi, ɓarayi da awaki suna yi masa ɓarna.

"Ni gudu nai ba ya dame ni ba," in ji shi. "Kunne nika so. Shina ji tun abu na nesa, ya tashe ni. Ni ko in ba shi ƙanzo da inuwa."

Ƙanena ya nemi izini ya duba shi. Ya tsuguna daga gefe, bai tunkare shi gaba da gaba ba, ya miƙa bayan hannunsa ya bar shi ya shinshina, dattijon yana dafe da wuyan karen. Ya ɗaga leɓen sama. Fiƙoƙin sun cinye sun zama guntaye, na gaba sun zube, dasashi ya yi fari-fari. Idon dama ya yi yana. Kunnuwan nan yankakku irin na karnukan farauta, cikinsu kaska sun yi jere, wasu sun ƙoshi sun yi tulu-tulu, har tsakanin yatsun ƙafa akwai su. A haƙarƙarin hagu akwai wani dogon tabo inda gashi bai sake tsirowa ba. Ƙanena ya bi gadon bayan da tafin hannu har kwankwaso, karen ya ɗan noƙe.

"Baba, ya haura shekara takwas, ko ma fiye. Ƙugunsa na ciwo, kaska kuma sun sha masa jini. Amma zuciyarsa lafiya lau."

Ya zauna ya cire kaskan ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin gwangwanin kananzir, yana yi yana bayani. A riƙa jiƙa ƙanzon da romo ko ruwan ɗumi, domin haƙoran ba za su iya da busasshe ba. Ruwan sha ya zauna a inuwa kullum. A ƙara buhu a ƙasa saboda sanyin asuba. Kada a shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona da sunan kashe ƙwari, ga na dabbobi nan a shagunan magani. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana iya lalata masa ciki da ƙoda. Sai ya nuna fagen da ke gabanmu.

"Wannan kuma da yake gadi, kada ya ci. Albasa tana fasa jinin kare, ɗanya ko dafaffa. In miya ta ji albasa, a ba shi gayan tuwon kawai."

Dattijon ya riƙe baki. "Ikon Allah! Likita, abin da shika tsaro shi a dahi nai?"

Muna nan sai ga mai karen a kan keke, da ƙunshin ƙasusuwa da ya karɓo wurin mahauta. Ashe haka suka yi da dattijon: duk bayan kasuwa zai kawo ɗan abin da ya samu, kuma ranar da riƙon ya gagara, a mayar masa da abinsa, kada a sake shi, kada a sayar. Karen da bai tashi don mu ba ya miƙe da ƙyar, ya je ya jingina kai a gwiwarsa. Na tambaye shi ko masu saye sun taɓa taya shi.

"Sun taya. Kuɗɗi masu kyau." Ya yi shiru yana sosa wa karen wuya. "Wanda munka ci daji tare, ɗiyana sunka sha romo ta dalili nai, in ba da shi a yanka? Mi za ni ce ma Allah?"

A ƙasashen da suka mayar da kula da karnuka aikin ƙungiyoyi, abin da waɗannan mutum biyu suka ƙulla a bakin lambu shi ne ginshiƙin aikin. A Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karɓar ɓatattun karnuka a 1860, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871, yana nan har yau. Irin waɗannan gidaje sun daɗe da gane cewa kowa ɗan kwikwiyo yake so, tsoho shi ke daɗewa a keji ba mai ɗauka. Wannan ya sa a 2007 Sherri Franklin ta kafa Muttville a birnin San Faransisko na Amurka, ba ta karɓar kare sai wanda ya kai shekara 7. Likita ya duba shi, a yi masa rigakafi, a ba wani gida riƙonsa kafin a samu mai ɗauka na dindindin. Ana bincika gidan da zai je, kuma in zama bai yi daɗi ba a dawo da shi. Wanda ciwonsa ba na warkewa ba ne, a ba mai riƙo ya ƙarasa kwanakinsa cikin kulawa, ƙungiya ta ɗauki kuɗin magani. Har suna da tsarin haɗa tsohon kare da dattijon da ya kai shekara 62 ba tare da ya biya kuɗin ɗauka ba, domin sun lura tafiyar tasu ɗaya ce.

Ba mu ga gida irin wannan a Illela ba, kuma ba shi nake roƙo ba. Garin da ke ɗauke da 'yan gudun hijira, inda magidanci ke auna tiyar gero da kwanaki, ba za a ce ya gina wa karnuka ɗakuna ba. Na san akwai mai cewa mutum ma bai ƙoshi ba, ana maganar kare. Ina girmama wannan magana, don yunwar gaskiya ce. Sai dai abin da karen Kalmalo ke ci bai rage wa kowa lomarsa ba: ƙanzon gindin tukunya ne, da ƙashin da mahauci zai yar, da inuwar zana. Kuma yana biya da aikinsa. Masu bukatar kunne suna da yawa a wannan yanki, masu lambu, masu rumbunan albasa, masu gadin shaguna, tsofaffin da ke kwana da awakinsu a bayan gida. Tsohon karen da ya tashi a hannun mutane ya san murya, ya san kaji da tumaki, ba ya bin yara da gudu, ba sai an koya masa komai ba. Ga mai irin wannan bukata ya fi ɗan kwikwiyo nesa ba kusa ba.

Ta fuskar addini ma, ƙyamar da muke nuna wa kare ta zarce abin da littattafanmu suka ce. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Hadisi ya yi izinin ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Kowane ɗalibi kuma ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Wancan karen bai taɓa yi masa aikin komai ba. To ina ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin garkenka? Malamai sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita, ban kuma ga inda aka ce wajibcin yana faɗuwa ranar da ƙarfinta ya ƙare ba. A ganina korar tsohon kare cin amana ne, ko da al'ada ta sa ba ma jin nauyinsa.

Abu ɗaya ne ya rage a yarjejeniyar Kalmalo, kuma shi ne mafi girma. Ƙanena ya tambayi mafaraucin ko an taɓa yi wa karen allurar haukan kare. Ba a taɓa ba, haka ma sauran na gida. A nan maganar ta tashi daga tausayin dabba ta koma ran ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwarta tana tsayawa. A gida Najeriya ake yin allurar, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta, tana yaye irin su ƙanena kowace shekara. Karen da ke da mai shi ana iya riƙe shi a yi masa allura. Wanda aka kora ya koma bayan kwata, ya yi faɗa da na daji, ya dawo cikin yara, babu mai iya kama shi. Kowane tsohon kare da aka saki, an ƙara wa unguwa haɗari ne.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya je bakin kwatami ya rungumo karen da bai san asalinsa ba. Wannan aikin malaman dabbobi ne, masu kayan kamu da wurin killacewa. Kare mai dalalar da yawu, ko mai cizon duk abin da ya gani, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, a nisance shi a sanar da hukuma. Wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Riƙon da nake magana a kai shi ne na karen da aka san mai shi, aka san halinsa, daga hannu zuwa hannu.

Kafin mu tashi, ƙanena ya rubuta wa mafaraucin sunan allurar a takarda, ya ce ya nuna a ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, ya tambayi ranar da za su iya zuwa, ya kuma tara na maƙwabta don a yi gaba ɗaya. Mafaraucin ya ce zai kai maganar gaban sarkin bakansu, domin in shi ya yi kira babu mai karen da zai ƙi fitowa. Dattijon ya cika mana leda da albasa, muka yi godiya muka kama hanyar Sakkwato.

Tun a mota nake juya wannan magana ta sarkin baka. Mafarauta suna da shugabanni da ƙungiyoyi, sun san karen kowa da shekarunsa. Su ne suka fi dacewa su riƙe wannan aiki: wanda karensa ya gaza ya faɗa, a nemo mai lambu ko mai gadin da ke so, a yi sharaɗi gaban shaidu cewa ba saki ba sayarwa. Malaman dabbobi su sa ranar allura ta faɗo ranar kasuwa, lokacin da makiyaya ke shigowa da nasu daga ɓangarorin iyaka biyu, ko a yi amfani da ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da haukan kare. Limamai kuma su riƙa tuna wa jama'a hadisin mai huffi, ko yara sa rage jifa.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon kare a gidanku ko a garkenku, kafin mai saye ya zagayo ka tambayi masu lambu da masu gadin unguwa ko akwai mai bukata. In an samu, a fara kai shi a yi masa allura, sannan a miƙa igiyar.